Alhassan Ɗantata: Attajirin da ya haɗa kasuwar Kano da tashar ruwan Legas

An haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, ya tashi cikin fataucin Agalawa.

A zamanin da ayarin fatake ke shafe watanni da jakuna a hanyar Gwanja, shi ya riƙa ɗauko goro daga Akra ta jirgin ruwa zuwa Legas, domin rage kwanaki da asara.

Bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, sai ya rungumi cinikin gyaɗa, yana sayar wa kamfanonin Turawa. Wannan ne ya bunƙasa dukiyarsa.

Ya zauna a majalisar Sarkin Kano, ya rasu a 1955. Ɗansa Aminu ya zama ɗan majalisa a Jamhuriya ta Farko.