Leda Cikin Rufin Soro: Kariya Ga Shago Da Ma'ajiyar Hatsi

Ƴan'uwa manoma da ƴan kasuwa na Tama, Buza, Madawa da Keita, damina na tafe. Kowa ya dubi rufinsa tun yanzu.

Ruwan sama yana da nauyi. In aka yi ruwa mai milimita 30 bisa soro mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, lita 600 ke nan, wato tano uku. In ruwan ya kwanta, sai ya ratsa ƙasa, azara ta ruɓe, rufi ya faɗi. A daminar 2024, ruwa ya kashe mutane fiye da 300 a Nijar, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe.

Yoyo kuma yana ɓata dukiya da lafiya. Albasa ta ruɓe, gero ya yi hunhuna. Gyaɗa da masara masu hunhuna suna ɗauke da dafi mai cutar da hanta.

A Turai da Amurka, ana rufe manyan kantuna masu shimfiɗaɗɗen rufi da leda mai kauri, falle ɗaya tak. Kaurinta milimita 1 zuwa 2. Ana manne bakunanta da iska mai zafi. Ba ta da nauyi, kuma takan kai shekara 20. Irin wannan tana da tsada. Amma magina a Burkina Faso suna sa leda ta kasuwa cikin rufin ƙasa, kuma mu ma za mu iya.

Ga yadda ake yi:

1. A yi aikin da bazara, sa'ad da rufi ya bushe sarai.
2. A share tsakuwa da ƙaya, a karkata rufin wajen indararo.
3. A shimfiɗa leda mai kauri. Inda biyu suka gamu, ta sama ta hau ta ƙasa da taki ɗaya.
4. A naɗe bakinta jikin bango.
5. A rufe ta da yaɓe mai kauri kamar yatsu uku, domin rana tana cin leda.

A kiyaye: kada a tara ƙasa da yawa, azara ba ta son nauyi. Kada a kafa ƙusa. Bayan kowane babban ruwa, a buɗe indararo, a liƙe tsaga.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.