Nauyin Harsashi da Haƙƙin Barewa a Kan Maharbi

A Amurka da Turai, kafin kakar farautar barewa ta kama, maharba sukan daɗe suna muhawara kan nauyin ƙwayar harsashin da za su ɗura. Da giren ake auna ta, kuma giren 150 bai ko cika gram 10 ba. Harsashin .30-06, wanda sojan Amurka ya fara amfani da shi a 1906, ana samunsa da ƙwaya mai giren 150, ko 165, ko 180.

Ƙwaya mara nauyi ta fi gudu. Mai giren 150 takan fita daga bakin bindiga da saurin kusan mita 880 a daƙiƙa, mai giren 180 kuwa kusan mita 820. Saboda haka mara nauyin ba ta saurin sunkuyowa ƙasa a matsakaicin nisa, kuma bindiga ba ta dukan kafaɗa sosai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin maharbin da ke tsoron dukan bindigarsa yakan zabura kafin ya ja kunama, sai saiti ya kauce.

Mai nauyin kuma ta fi nutsewa cikin jiki, tana fasa ƙashi ta isa huhu da zuciya. Shi ya sa masu farautar barewar Amurka mai farin bindi sukan wadatu da giren 150, amma masu bin manya irin su elk sukan nemi 180.

Ƙirar ƙwayar ma tana da nata tasiri. Wadda ta tarwatse da zarar ta taɓa fata takan bar mummunan rauni a sama, dabba ta tsere ta je ta mutu a wahale. Tun Yulin 2019 jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin darma, saboda gubar da ke kashe tsuntsaye masu cin mushe. Jan ƙarfen da ya maye gurbinta bai kai darma nauyi ba, amma ba ya farfashewa, don haka ƙwaya mara nauyi ma takan ratsa sosai. Ganin haka, a 2023 Sikotilan ta rage mafi ƙarancin nauyin da doka ta yarda a harbi manyan barewa da shi, daga giren 100 zuwa 80.

Duk lissafin nan manufarsa ɗaya ce: dabba ta faɗi nan take, ba tare da azaba ba. Maharbi na gari yakan duba girman dabbar da nisan harbin, ya gwada nauyi biyu ko uku a filin atisaye, sannan ya riƙe wanda bindigarsa ta fi kai shi daidai. In bai tabbatar da harbinsa ba, wajibinsa ne ya sauke bindiga ya bar barewa ta wuce.