Gidan waya: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Lazare, kartiye da ke arewacin birnin Yamai, wuri ne da ya san zaman baƙunci. A lokacin babban fari na 1973 zuwa 1974, nan aka kafa sansanin dubban makiyayan da suka rasa dabbobinsu. Yau unguwa ce cike da ƴan kasuwa, dillalan kasuwar dabbobi ta Turaku da ma'aikatan gwamnati, waɗanda da yawansu iyalinsu na Tawa, Maraɗi, Damagaram ko Agadas. Duk mai dangi a nesa yana buƙatar wanda zai kai masa takarda, ƙunshin kaya ko manda. Sai dai ba safai mai saƙo ke tambayar halin da mai ɗaukar saƙon yake ciki ba.

Gidan wayar Nijar tsohuwar ma'aikata ce. Ƙasar ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, UPU, a 1961. Shekaru da dama wasiƙa da tarho suna ƙarƙashin rufi ɗaya, wato OPT. A 1997 aka raba gari: tarho ya koma hannun SONITEL, wasiƙu da ajiyar kuɗi suka zama rabon ONPE. Tarho ne ke kawo riba, saboda haka rabuwar ta bar ɓangaren wasiƙu da nauyi mai yawa da aljihu marar kauri, a zamanin da karyewar darajar sefa ta 1994 da bashin albashi suka galabaita ma'aikatan ƙasa. A 2005 aka yi dokar da ta haifar da Niger Poste. Tun daga nan wayar salula, kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza da Nita, da motocin safa sun janye wani kaso na masu hulɗa da ita.

Idan kuɗin shiga ya ragu, abin da kowace ma'aikata ke fara tsukewa shi ne ɗaukar sababbin hannu. Wanda ya yi ritaya, sai a raba aikinsa ga waɗanda suka rage. A littafin lissafi wannan tsimi ne. A wurin aiki kuwa ƙofar haɗari ce.

Ma'aikacin da ke zaune shi kaɗai a gishe da kuɗin jama'a a gabansa ba ya da mai tsare masa baya, ko salla zai tashi sai ya rufe. Gajiya na kawo kuskuren ƙirga, giɓin kuma a wuyansa yake sauka. Mai rarraba saƙo a kan moto, wanda aka ɗora wa zagayen mutum biyu, dole ya yi sauri cikin rairayi da ramukan Lazare, a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ko cikin ruwan damina da ke cinye hanya. Mai tantance kaya yana ɗaga buhun da ya kamata mutum biyu su kama, ƙugunsa ne ke biya bayan shekaru. Direba kuma yana fuskantar ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1.267.000: daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, zuwa Difa fiye da 1.300. Tafiya irin wannan ba tare da mai karɓar sitiyari ba caca ce da rai, balle a yankunan da tsaro ya taɓarɓare kamar Tilaberi da Difa.

Doka ba ta yi shiru ba. A 2009 Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya game da lafiya da tsaron ma'aikaci. Kundin dokar aiki na 25 ga Satumba 2012 ya ɗora wa mai ba da aiki alhakin kare rai da lafiyar waɗanda ke ƙarƙashinsa, ya kuma wajabta kafa kwamitin tsaro da lafiya a inda ma'aikata suka kai goma. Asusun CNSS ne ke ɗaukar nauyin wanda ya ji rauni a bakin aiki ko a kan hanyarsa ta zuwa da dawowa, muddin an kai rahoton haɗarin a kan lokaci. Abin lura shi ne, ƙaramin biro mai mutum biyu ko uku, inda kaɗaici ya fi tsanani, shi ne muryarsa ta fi wuyar isa gaban kwamiti. Nan ne aikin sandika da sufetocin aiki yake.

Hular kwano, akwatin ƙarfe, fitila da mai gadi duk wajibi ne, amma babu ɗayansu da ke maye gurbin abokin aiki. Ɗan kasuwar Turaku da ke jiran takardun kayansa, da malamin makarantar da ya aika fayil ɗin jarrabawa, su ma suna da ruwa da tsaki: ran da mai saƙo ya faɗi a hanya, saƙonsu ne ke kwana a ƙasa tare da shi. Kowace 9 ga Oktoba ana bikin ranar gidan waya ta duniya. Ya dace a wannan rana a ƙirga mutanen da ke bakin aiki kafin a ƙirga wasiƙun da aka raba.