Ko Ka Sani? Sanyin Ɗaki Yana Ga Hanyar Iska

Ko ka san cewa na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda ake kira mukayyif a Sudan, ba ta da amfani sai an bar taga a buɗe? A Gadarif, garin dawa da riɗi da ke gabashin ƙasar, zafin watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, iska kuma ta bushe ƙayau. Wannan bushewa ita ce jarin na'urar. Akwatin ƙarfe ne da aka cusa wa zaren katako a gefuna, ƙaramin famfo yana tsiyaya ruwa a kai, fanka tana zuƙo iskar waje ta cikin jiƙaƙƙen zaren. Yadda randa ke sanyaya ruwa idan jikinta ya tsattsafo, haka kowace lita da ta bi iska take kwashe zafi kimanin kilojul 2,400. Busasshiyar iska mai digiri 42 tana iya fitowa da kusan 26. Iyakar aikin injin ke nan. Isar sanyin ga wanda ke zaune a ɗaki kuwa ya rataya ne a kan hanyar da aka shata wa iskar, kuma nan ake yawan sakaci.

A babban gini kamar masallaci ko ɗakin taro, bututun kwano ne ke raba iska, kuma lissafinsa ba ya ragawa kowa. Idan aka rage faɗin bututu da rabi, aka ce iskar dā ce za ta wuce, turjiyar da fanka za ta yi fama da ita takan ninka kusan sau 30. Kowace gwiwa mai kaifi tana ƙara cin ƙarfin iskar, shi ya sa gwanin maƙeri yake lanƙwasa kwana a hankali. Bututun da aka shimfiɗa tsirara a kan rufi, rana na dukansa, zai mayar wa iska zafin da aka cire mata tun ba ta kai ɗakin ƙarshe ba. Wanda aka bar wa ɓaraka a mahaɗa kuwa cikin silin yake sanyayawa. Sayen injin da ya fi girma ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai ya ƙara ƙugi da kuɗin wuta.

Wani zai ce buɗe taga asarar sanyi ce. Wannan gaskiya ne ga iyakwandishan mai gas, wanda ke juya iskar ɗaki ɗaya. Mukayyif sabuwar iska yake turowa kullum, kuma in ta rasa mafita sai danshi ya taru, jiki ya yi ta naso. Dabarar ita ce a buɗe tagar da ta fi nisa da bakin bututun, domin iska ta ratsa ɗakin duka kafin ta fita. Wani kuma zai kawo zancen damina, tunda daga Yuni zuwa Satumba iskar Gadarif cike take da laima, na'urar kuma ta yi rauni. Haka ne, amma a lokacin zafin ya sauko, ana iya kashe famfon a bar fanka kaɗai, bututun ya ci gaba da aikinsa.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na ruwa, domin Gadarif ta daɗe tana fama da ƙarancinsa, har daga Shuwak a bakin Kogin Atbara ake janyo mata shi. Sai dai wannan ma hujja ce ga mai kula da bututu: duk sanyin da ya zube a hanya ruwa ne aka saya aka ɓarar. Saboda haka mai gini ya zaunar da maƙeri tun ana zanen gida, a yanke faɗin bututu da inda zai bi da tagar da iska za ta fita, sannan a je kasuwa zaɓen inji.