Yaron da ke toshe kunne a aji

Da zarar an buga ƙarfen da ke rataye a jikin darbejiya, ɗalibai sun cika aji sun ɗauki karatu da murya ɗaya, a kan samu yaro guda da ya toshe kunnuwansa yana jijjiga jiki. Malam zai ce taurin kai ne, ya ɗauko bulala. A gida kuma a ce iska ce, a nufi wajen mai ruƙiyya. Sau da yawa lalurar otizim ce, wadda wasu ke kira galahanga: bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, yana taɓa magana da cuɗanya da yadda yaro ke jin ƙara ko haske. Likita Leo Kanner ne ya bayyana ta a Amurka a 1943, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Rigakafi ba ya jawo ta, sakacin uwa ma haka.

A wajenmu ganewar tana da wuya ta wata fuska. Littattafan Turai kan lissafa ƙin haɗa ido cikin alamominta, alhali mu sunkuyar da kai gaban babba tarbiyya ce. Yarinyar da ke zaune shiru a lungu sai a yaba mata kunya, ta gama aji shida ba wanda ya lura.

Tun 1994 taron Salamanka a Sifen ya amince irin waɗannan yara su yi karatu tare da sauran, Najeriya ma ta sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a 2019. Sai dai malamin da ke gaban ɗalibai tamanin ba doka ce ta dame shi ba, dabara yake nema.

Kuma yawancin dabarun ba sa cin kuɗi. A zaunar da yaron gaba, nesa da taga da hayaniya, kuma kujerarsa ta zama guda kullum. A zana jadawalin yini a gefen allo da hotuna, domin sauyin ba-zata shi ne ke birkita shi. In za a fita wasa ko za a canza malami, a faɗa masa tun da wuri. Umarni ya zama gajere, ɗaya bayan ɗaya. “Ka buɗe kunnenka” na iya sa shi kama kunnen da hannu, gara a ce “saurare ni”, a ɗan jira amsa. In ya fashe da kuka, abin ne ya fi ƙarfinsa, duka kuwa ƙara wa wuta fetur ne. A bar shi ya fita inuwa ya huce.

Mahaifiyarsa ta san ƙarar da yake tsoro da abin da ke kwantar masa da hankali. Malam ya kira ta tun makon farko na zango, ya tambaye ta, ya rubuta, ya kuma miƙa wa malamin da zai karɓi ajin baɗi.