Tambayar Ƙarshe Da Alƙali Zai Yi Miki

'Yar'uwa, in wata rana shari'a ta kai ki gaban alƙali, ko kan gado, ko bashi, ko kuɗin ciyar da yara, akwai tambayar da zai yi miki dab da yanke hukunci: kina da sauran magana ko wata hujja? Ita ake kira i'izari.

Gwaggona ta yi shari'ar gonar gado a nan Kafin Hausa. Da aka zo kan tambayar nan sai ta sunkuyar da kai ta ce "babu", alhali dattijon da aka raba gonar a gabansa yana nan da ransa. Nauyin taso shi kawai ta ji. Gona ta tafi. Har gobe cewa take ba a saurare ta ba, ni kuwa da ke zaune bayanta na san an tambaye ta, har sau biyu.

I'izari haƙƙinki ne a kan alƙali. Tuhfatul Hukkam, littafin Ibn Asim na Andalus wanda ya rasu a 1426, da alƙalanmu ke yawan komawa gare shi, ya sa shi gabanin hukunci. In alƙali ya tsallake shi, kotun sama, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Dutse, tana iya rushe hukuncin a sake zama. Amma in da bakinki kika ce babu, da wuya kuɗin motar Dutse su dawo miki da abin da kika saki.

A asibiti kullum muna ganin irin wannan. Mace ta sha jiƙo kwana uku ta ɓoye mana, a rubuta mata magani kan rabin labari. Alƙali ma da abin da aka ajiye gabansa yake aiki.

In shaidarki ba ya kusa, ki faɗa, ki nemi a ɗaga. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari ta umarci alƙali ya yanka wa mai irin wannan uzuri wa'adi. Sai dai kar ki ƙirƙiro shaidar da babu shi don ki wahalar da abokin shari'a. Wa'adin na cika, hukunci zai hau kanki.

Dattijon nan kuwa, da labari ya kai masa, cewa ya yi da an aiko ko da yaro ne, da ya zo.