Zaɓen Saƙar Kwarashi Don Tafiya

Matar da za ta tashi daga Gurbin Ɓore, ko ta nufi Jibiya ko ta bi ta Zurmi zuwa Ƙauran Namoda, ba kowace saƙa take ɗauka ba. Hular nan tashi-ka-fiya-naci ita ce ta fi dacewa da zaman mota, domin kuwa kwarashi ɗaya da curin zare ɗaya sun wadatar, kuma hannu ya saba da ita, ba sai an ƙura ido ba. Rigar jariri ta ulu kuwa a gida akan bar ta, saboda launuka sukan harɗe, gargada kuma takan ɓata ƙidaya, har a koma warwara. Farin zare ma abin gudu ne da hunturu, don in ƙura ta dafar da shi, mai saye sai ya karya farashi.